Yadda Baba ya saba da wayar da ke amsa magana

Mahaifinmu maɗinkin babbar riga ne a cikin birnin Zariya, ɗinkin hannu, irin wanda ake zama a zaure da allura da zare tun hantsi har la'asar ana fitar da aska biyu da aska takwas. Ya haura shekara saba'in. Yana karanta Alƙur'ani da littattafan fiƙihu, bashin da yake bin mutane da ajami yake rubuta shi, boko kuwa ɗan abin da ya tsinta ne a ajin yaƙi da jahilci, iyakarsa haɗa baƙi a hankali. Turanci babu. Shekara da shekaru wannan bai taɓa tare masa hanya ba, domin mai riga zai zo a yi ciniki, a ƙirga kuɗi hannu da hannu, takardar Naira ma akwai ajami a jikinta.

Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan an sauya fasalin Naira, shi ya ɓata wannan tsari. Masu sayen riga daga Kano da Abuja suka koma cewa a turo lambar asusu, kuma ko da kuɗi suka wadata ba su koma tsohuwar hanya ba. Alat na shigowa ƙaramar wayar Baba da Turanci, sai ya kira jika ya karanta masa. Yaro ba ya riƙe magana. Kafin magariba kowa a gidan ya san nawa ya shigo, washegari kuma buƙatu sun yi layi a ƙofar zaure. Baba bai taɓa buɗe baki ya yi ƙorafi ba, amma ya koma ajiye saƙonnin sai na zo daga Samaru ƙarshen mako. Dattijon da ya riƙe gida fiye da shekara arba'in ba wanda ya san cikin aljihunsa, yau sai ya jira wani kafin ya san ko an biya shi haƙƙinsa. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na fara tunanin manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ake yi wa tambaya su ba da amsa.

Da na kawo maganar, Baba ya ce a'a, kuma yana da hujja. A unguwarmu akwai wanda aka kira a waya aka ce daga banki ne, za a rufe asusunsa in bai faɗi lambar BVN da lambobin da za a turo masa ba. Ya faɗa, aka kwashe kuɗin auren 'yarsa. Baba ya ga waɗanda harkar zuba kuɗi ta MMM ta tafi da jarinsu a ƙarshen 2016, ya ga tsofaffi sa'o'insa a rana suna bin layin haɗa NIN da layin waya. A ganinsa duk wani sabon abu da ya shigo ta waya, tsoho ne ke fara shan wahalarsa. Masu cewa tsofaffi na gudun fasaha don rashin wayewa ba su zauna sun ji daga bakinsu ba. Baba ya san hatsarin abin fiye da jikokinsa da ke danna duk abin da aka turo musu.

Saboda haka ban ja da shi ba. Na ce, “Baba, a bar ƙaramar wayar yadda take, da layin bankin a cikinta, ba mai taɓa ta. Wannan babbar da zan kawo ba ruwanta da kuɗi. Ko ɓarawo ya ɗauke ta, ba abin da zai samu.” A kan wannan sharaɗi ya yarda a gwada.

Shirya wayar bai ɗauki lokaci ba. Na sa mata sabon layi, na ƙara girman rubutu har ƙarshe, na kwashe duk tarkacen da ke fuskarta na bar abu uku: kira, kyamara, da manhajar tambaya. Irin waɗannan manhajoji sun yi yawa tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamba na 2022. Akwai Gemini na Google, akwai Meta AI da aka sa cikin WhatsApp a Najeriya a 2024. Abin da ya sa suka zama masu amfani ga mutum irin Baba shi ne murya. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara tun 2013, a ƙarshen 2024 kuma ya ƙara da damar mutum ya yi magana da Hausa waya ta rubuta. Na gwada 'yan kaɗan, na tsaya a kan wadda ta fi gane maganarsa. Aikinsa kawai ya danna alamar makirfo, ya yi magana, ya danna alamar lasifika ya saurari amsa.

Tambayarsa ta farko ni ya yi wa. “Wane ne a ciki?”

Na ce ba kowa a ciki. Na'ura ce da aka ɗura wa rubuce-rubucen mutane masu ɗimbin yawa, har ta gane wace kalma ce ta saba bin wace, da haka take harhaɗa amsa. Ba ta da rai, ba ta san shi ba, ba ta ganin sa sai in ya ɗauki hoto ya tura.

“To abin da na faɗa, ina yake zuwa?”

Na gaya masa gaskiya, cewa maganar na tafiya zuwa manyan kwamfutocin kamfanin a ƙasar waje, kuma suna iya ajiye ta. Na nuna masa inda na kashe damar amfani da hirarsa wajen horar da na'urar, na kuma ce ko da an kashe, kada ya ɗauka ɗaki ne rufaffe. Ya yi shiru, sannan ya kafa dokokinsa da kansa. Ba za a faɗa mata sunan kowa ba. Ba lambar asusu, ba BVN, ba NIN, ba lambar sirri. Zancen iyali ba nata ba ne. Na so a ce ana yi wa kowane tsoho wannan bayani tun ranar farko, domin da yawa 'ya'yansu na ɓoye musu don kada su tsorata, ranar da suka gano kuwa sun ajiye wayar ke nan har abada.

Daga nan ya shiga gwada ta, kamar yadda yake gwada sabon yaron da aka kawo masa koyon ɗinki, ya ba shi tsumma kafin ya ba shi shadda. Bai tambaye ta abin da bai sani ba, sai abin da ya sani sarai. Ya ce ta faɗa masa gidajen sarautar Zazzau. Ta kawo Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Ya ce wane ne sarki kafin na yanzu. Ta ce marigayi Shehu Idris, wanda ya hau a 1975 ya rasu a 2020, aka naɗa Ahmed Nuhu Bamalli. Baba ya gyaɗa kai. Sai ya ce ta lissafa ƙofofin birnin Zariya. Ta fara da kyau, Ƙofar Doka, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona, sai kawai ta jefo Ƙofar Mata a ciki, da muryar nan tata da ba ta rawa.

“Wannan ta Kano ce,” in ji Baba, ya danna makirfo ya gaya mata. Nan take ta ba da haƙuri ta gyara.

Tun daga wannan kuskure ya saki jiki da ita. Ya ce yanzu ya san iyakarta: tana da karatu, amma in ta rasa ba ta cewa ban sani ba, sai ta cike gurbin da abin da ya yi kama. Haka abin yake kuwa. Masu ƙera waɗannan na'urori da kansu suna rubuta gargaɗi cewa suna iya yin kuskure, kuma kuskuren ya fi yawa a Hausa da al'amuran garuruwanmu, saboda abin da aka rubuta a intanet da Hausa bai kai ko kusa da na Turanci ba. Muryarta ma ba ta ɗan gari ba ce. Tana ɗaga sauti inda ya kamata ta sauke, wani lokaci ta karanta lamba da Turanci. In rediyo na kunne ko yara na hayaniya a tsakar gida, sai ta rubuta abin da ba shi aka faɗa ba. Baba ya koyi rufe rediyo, ya yi magana a tsanake, jimla ɗaya a lokaci guda.

Maganar alat, wadda ita ce asalin tafiyar, ta warware ta hanyar da shi ya zaɓa. Ya ƙi a ɗauki hoton saƙon banki a nuna mata, tunda dokarsa ta hana. Sai ya ce ta koya masa kalmomin. Saƙon banki kalmominsa ba su da yawa, kuma kullum su ne. Ya riƙa kiran haruffan ɗaya bayan ɗaya da ɗan bokonsa, tana gaya masa: Credit kuɗi sun shigo, Debit kuɗi sun fita, Amt adadin kuɗin, Bal abin da ya rage. Ya samu bayan kwalin sabulu, ya kwafi kowace kalma da manyan haruffa, ya rubuta ma'anarta da ajami a gefe, ya soke shi a cikin littafin bashinsa. Wuraren da suka fi ba shi wuya su ne waƙafi da ɗigo a cikin lamba, yadda zai bambanta 15,000.00 da 150,000.00. Ya tambaya, ya sake tambaya, ya kwana ya tashi ya sake. Ta riƙa ba shi misalai da kuɗin da ba nasa ba har abin ya zauna: a rufe ɗigo da sifili biyun ƙarshe da yatsa, sannan a ƙirga lambobin da suka zo kafin waƙafi. Da yake idonsa ya yi rauni, yakan ɗora kyamarar babbar wayar a kan fuskar ƙaramar ya jawo rubutun ya yi girma, ba tare da ya ɗauki hoto ba. Yau in alat ya shigo, shi kaɗai yake karanta abinsa ya mayar da waya aljihu.

A nan na ga abin da na'urar ta fi mu da shi. Mu 'ya'ya muna son iyayenmu, amma muna da gajen haƙuri. In tsoho ya maimaita tambaya, ko ba ka ce komai ba fuskarka ta faɗa, shi kuma ya gani, sai ya haɗiye sauran tambayoyin ya ce ya gane. Jika kuwa fizge wayar yake yi ya danna da kansa ya miƙo, tsohon bai koyi komai ba sai ƙarin jin cewa ya zama kaya. Na'ura ba ta tsaki, ba ta sauri, ba ta ba wani labari. Ban ɗauki wannan a matsayin tausayi ba, domin ba ta da zuciyar da za ta tausaya. Amma ga dattijon da girma ke hana shi nuna bai gane ba a gaban na ƙasa da shi, wannan kaɗai ya wadatar.

Inda abin ya fi amfani shi ne ido. An daɗe da gaya wa Baba a asibiti cewa yana da yanar ido kuma sai an yi aiki, ya yi ta ja da baya. Ga maɗinki, ido shi ne jari, kuma ya san mutanen da masu cire yana na gargajiya suka taɓa musu ido da tsinke, suka ɗan gani na wani lokaci, daga baya idon ya tafi gaba ɗaya. A ransa duk aikin ido ɗaya ne. Mun yi magana har mun gaji. Ashe da dare, bayan isha'i, yana zama yana yi wa wayar tambayoyin da bai taɓa yi mana ba. Za a fitar da idon ne a mayar? Za a sa shi barci? In ya motsa fa? Ta bayyana masa cewa yanar ba fata ba ce a saman ido, wani ɗan abu ne a ciki mai kama da gilashi da ke yin hazo saboda shekaru. Likita na kashe zafin wurin, mutum na farke, a cire wanda ya yi hazon a sa na roba mai haske a madadinsa, yawanci cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Na gargajiya kuwa tura shi yake yi can cikin ido ya bar shi, ba ya sa komai a gurbinsa, shi ya sa ake samun kumburi da makanta. Ta kuma ce tunda yana da hawan jini, ya gaya wa likita duk magungunan da yake sha. Duk abin da ta faɗa, likitan ya taɓa faɗar sa a taƙaice, a ɗakin da mutane ke jira a waje. Bambancin shi ne a nan Baba ya samu ya juya maganar ta kowace fuska, a lokacin da ya ga dama, har tsoron ya ragu.

Wata safiya ya ce mini, “Ka nemo mana rana mu koma wurin likitan idon nan.” Ya je da tambayoyinsa a rubuce da ajami a takarda, ya karanto su ɗaya bayan ɗaya, likitan ya amsa. An yi aikin ido ɗaya, alhamdu lillahi, ya koma zura zare a allura da kansa.

Akwai kuma abin da kunya ba za ta bari uba ya faɗa wa ɗansa ba. Ban san me ya tambaya ba, ban kuma buɗe hirarsa na duba ba, domin mun yi alkawari. Na dai san wata rana ya ce in kai shi asibiti ɓangaren maza, akwai abin da yake so a duba, kuma an gaya masa kada ya yi jinkiri. Na kai shi, na zauna a waje.

A kan magani mun ja layi tun farko. Yana ɗaukar hoton takardar da ke cikin kwali, ya rufe sunansa da yatsa in akwai, ta karanta masa da Hausa. Da haka ya gane cewa kumburin ƙafar da yake gani na iya zama daga maganin hawan jininsa ne, amlodipine, wanda an san shi da haka. Ta ce kada ya daina sha, ya gaya wa likita, haka kuwa aka yi. Ƙara magani, rage shi, sauya lokacinsa saboda azumi, duk wannan na likita ne da mai ba da magani a asibiti. Na'urar da ta kawo ƙofar Kano cikin Zariya ba za a bar mata awon ƙwaya ba. Addini kuwa Baba ya rufe ƙofarsa gaba ɗaya. Ya ce ilimi daga bakin malami ake ɗaukarsa, wanda aka san malaminsa, kuma Zariya ba ta rasa malamai ba. Da ya ji wani jikansa yana tambayar ta hukuncin wani abu, sai da ya tura shi makarantar dare ya sake tambaya.

'Yan damfara ba su bar sabon layin ba. Saƙo ya shigo cewa an zaɓe shi cikin masu samun tallafin gwamnati, ya danna nan ya cike bayanansa kafin ƙarfe goma sha biyun dare. Ya ɗauki hotonsa ya tambaya. Ta nuna masa alamomin: ana gaggauta shi, ana yi masa alkawarin abin da bai nema ba, adireshin ba na hukuma ba ne, kuma ana neman lambobinsa. Ta ce banki ba ya kiran mutum ya nemi lambar sirri ko lambar da aka turo masa ta saƙo. Baba dama ba zai danna ba, amma yanzu yana iya bayyana wa abokansa dalili. Sai dai na gaya masa ɗaya gefen, cewa wannan fasahar tana hannun ɓarayin su ma. Da ita ake kwaikwayon muryar mutum, ake haɗa bidiyon wani babba ko malami yana faɗin abin da bai faɗa ba, yana tallar magani ko harkar zuba kuɗi. Saboda haka muka yi shawara a gidan: duk wanda ya kira da muryar ɗayanmu yana neman kuɗi cikin gaggawa, a kashe, a kira lambar da aka sani. In bai ɗauka ba a kira matarsa ko ɗan'uwansa. Ba a tura ko sisi kafin nan.

Ba kowa abin ya karɓa ba. Inna ta saurara sau ɗaya ta ce ita ba ta magana da abin da ba ya amsa sallama da zuciya ɗaya, 'ya'yanta mata sun ishe ta, muka ƙyale ta. Akwai kuma kuɗi. Tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, data ta ƙara tsada, kuma murya da hoto sun fi rubutu cin ta. Ni nake saka masa duk wata, na kuma saya masa ɗan abin ajiye caji saboda ɗaukewar wuta. Na san dattawa da yawa a cikin birni da Tudun Wada da ba su da mai yi musu wannan, ga shi kuwa su suka fi buƙata. Wasu cikin abokan zamansa na bayan la'asar sukan zo da takardar asibiti ko wasiƙar fansho, ya sa su rufe suna da lamba, ya ɗauka, su saurara tare.

Abin da har yanzu ya gagara shi ne ajami. Mun gwada da shafin da ya rubuta don gwaji kawai, sai ta ɗauke shi Larabci, ta kawo fassarar da ba ta da kai ba ta da gindi. Rubutun hannun likitoci ma sau da yawa tana lalube ne, shi ya sa ba ma dogara da ita a kansa. Littafin bashin Baba kuwa, mai sunayen mutane da abin da ake bin kowa, ko da tana iya karantawa ba zai nuna mata ba. Yana so a samu kwafinsa da boko saboda halin rayuwa, don haka ya zaɓi jikarsa guda da ya yarda da riƙon amanarta. Ranar Asabar bayan azahar yana karantowa tana rubutawa da biro, sun kai bashin shekarar 2021.